Hannun da Ya Riƙe Lema

Duk unguwar babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ina-Wajen ake ce masa, don ba a taɓa ba da labarin wani abu da ya faru a duniya ba, gobara ce ko faɗuwar jirgi, face ya gyara zama ya ce, "Ai ina wajen." Aski ne sana'arsa, kuma wanda ya hau kujerarsa ba shi da hanyar gudu. Aska a wuya, labari a kunne.

Babban labarinsa shi ne na ranar tattaki. Shekara arba'in da suka wuce, lokacin da lebura ba ya shiga asibiti ta ƙofar gaba, ba ya kuma jefa ƙuri'a, wani lauya ya tara jama'a suka taka a cikin ruwan sama har ofishin 'yan sanda. Aka tarwatsa su da kulake, aka kulle Lauya wata tara, amma daga ƙarshe dokar da ta danne leburan ce ta faɗi. Hoton ranar kowa ya san shi: Lauya a tsaye, ruwa na zuba, baƙar lema a kansa. Mai riƙe da lemar kuwa jarida ta yanke shi, hannunsa kaɗai ya fito. Wannan hoton Ina-Wajen ya manna a jikin madubin shagonsa.

"Ka ga wannan hannun?" zai ce da wanda yake wa aski. "Duba da kyau. To, yanzu dubi wannan." Sai ya ɗaga nasa, duk kumfar sabulu.

Mutum ɗaya ce ta san hannun wane ne, wato Maman 'Yan Biyu, matar ƙaninsa Kafinta. Shi Kafinta ba mai magana ba ne. Sau ɗaya ya ba ta labarin, suna sabon aure, bai sake ba. In ta ce, "Kana ji Yaya yana cewa hannunka nasa ne a shago?" sai ya yi murmushi ya ce, "Bar shi. Aski ba labari ai kai ne ke ciwo." Yanzu wata bakwai ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Lemar tana rataye a bayan ƙofar ɗakinta. Kulki ya karya mariƙinta ranar tattakin, shi ya sassaƙa mata sabo da hannunsa, kuma har yau in ta kama wurin sai ta ji kamar yanzu ya saki.

Sai rediyo ta ba da sanarwa cewa an mai da tsohon ofishin 'yan sandan gidan tarihin Lauya, kuma duk mai wani abu na ranar ya kai. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga sallamar Ina-Wajen.

"Maman 'Yan Biyu, lemata na zo karɓa, wadda na ba marigayi ajiya."

"Ajiya, Yaya?"

"Shekara arba'in. Allah ya jiƙan yaron nan, akwai riƙon amana."

Magana ta zo mata har wuya, ta haɗiye. Wan miji ne, kuma shi ya tsaya a kan komai ranar rasuwa. Kafin ta gama shawara da zuciyarta, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ciro abinsa.

"Zan kai ta a sa a gilashi, a rubuta sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Gaban jama'a za a yi, kowa ya shaida."

Ta ce, "To, Yaya, inda lemar nan za ta, nan za ni."

Ranar Asabar motar Direba, maƙwabcinsu, ta cika da mutanen layi. Ina-Wajen ya fito da takarda uku na jawabi a aljihu, lema a hammata, sanye da wata tsohuwar kwat mai manyan ratsi fari da baƙi. Maɓalli ɗaya kaɗai ya yarda ya shiga, shi ma da kyar.

"Wannan kwat ɗin ce a jikina ranar," ya ce yana juyawa kowa ya gani. "Duk garin nan babu mai irinta. Guda ɗaya tela ya ɗinka, ya rantse ba zai ƙara ba."

Ungozoma, tsohuwar da rabin mutanen motar a hannunta suka faɗo duniya, ta dube shi sama da ƙasa. "Telan nan ya tausaya wa gari. Kai kuma ka fito kamar jakin dawa."

"Ke me kika sani? Lokacin da muke shan kulki kina ina?"

"Ina wajen," in ji ta. Motar ta ɗauki dariya.

Ya zauna gaba kusa da Direba, ya ce a bar babban titi, shi ya san hanyar da suka taka da ƙafarsu. Dama, hagu, dama, sai ga su sun yi kiciɓis da katangar wani wurin wankin mota, ba gaba ba gefe. Direba ya yi ta baya da baya har zufa ta jiƙa masa riga.

"Da can hanya ce," in ji Ina-Wajen. "Ba su da kunya, sun gina katanga a kan tarihi."

A ƙofar gidan tarihin wata budurwa mai kati a wuya ta tarbe su, ta ce ita ce za ta zaga da su ta yi musu bayani.

"'Yata, huta. Lokacin da nake shiga ginin nan ko uwarki ba a yaye ba."

"To, Baba, sai ku bi kibiyoyin da ke ƙasa."

"Kibiya ta baƙi ce."

Kibiya ta nuna dama, ya yi hagu, mutane suka bi shi ɗuu. Maman 'Yan Biyu tana dab da bayansa, idonta a kan lemar. A ƙarshen wani lungu ya tura wata 'yar ƙofa. Ɗaki ne ƙarami, duhu, babu taga, sai wani wari-wari. Ya cire hula ya dafe ƙirji.

"Nan ne. Nan suka ajiye bawan Allah wata tara."

Mata suka fara jan hanci. Ya nuna wani bokiti a kusurwa.

"Kun ga wannan bokitin? Da shi yake sha, da shi yake wanka. Ni nake ɗebo masa ruwa ta bayan gida."

Direba ya durƙusa yana ɗaukar bokitin hoto da waya. Wani dattijo har ya shafa shi ya shafa a fuska. Ana cikin haka sai aka ji murya daga baya.

"Bayin Allah, ku ba ni hanya, bokitina zan ɗauka."

Wata mata ce da tsintsiya a hannu da safar roba. Ta kunna fitila. Ga tsummokara a jingine, ga jarkokin sabulun wanke bayi a jere. Bokitin kuwa na roba ne, shuɗi, ko takardar kanti ba a ɓare daga gindinsa ba. Dattijon nan ya shiga goge fuska da bakin riga yana tofar da yawu.

"An sake fasalin ginin," in ji Ina-Wajen, ya mai da hularsa. "Shi ya sa ba na son gyaran zamani. Ku biyo ni."

Wannan karon ya bi kibiya. Suka shiga wani babban ɗaki inda aka kwaso teburin Lauya, da kujerarsa, da keken rubutunsa, aka kewaye su da jar igiya a kan sanduna. Ga allo an rubuta kada a tsallaka.

"Wannan ba da mu ake ba. A gefen teburin nan nake zama in ba shi shawara. Yakan ce, 'Wanzami, me ka gani?'"

Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka, igiya ta harɗe masa dunduniya. Sanda ta farko ta faɗi, ta ja ta biyu, ta biyu ta ja ta uku, har suka zube duka, kowace da ƙararta. Sai jiniya ta ɗauka, wiii, wiii, kamar motar 'yan sanda ta shigo ɗakin.

Kafin kowa ya ƙifta ido, babu Ina-Wajen. Lema a ƙasa, hula a ƙasa, takalmansa kawai ake hangowa a ƙarƙashin teburin Lauya. Maman 'Yan Biyu ta sunkuya ta ɗauki lemar, ta kaɗe ta, ta rungume.

Mai gadi ya zo ya kashe jiniyar, ya kamo ƙafafun ya jawo.

"Nuna muku nake yi," in ji Ina-Wajen yana haki, "yadda ake kare kai in an kawo hari."

"Mun gani," in ji Ungozoma. "Wannan kam ba yau ka fara ba. Akwai gwaninta."

Mai gadi ya ce in aka sake taɓa wani abu, waje za a yi da su duka. Ina-Wajen ya hango lemar a hannun matar ƙaninsa. "Yawwa, riƙe mini, Maman 'Yan Biyu, sai lokacin miƙawa ya yi."

"Tana hannu, Yaya," ta ce.

Kibiya ta kai su wani dogon zaure. A gefe ɗaya an rufe bango kaf da farin yadi. A ɗaya gefen ga ɗakin gaskiya: ƙofar ƙarfe mai sanduna a buɗe, gadon siminti, 'yar taga can sama. A jikin ƙofar an rataye allo, Don Allah kada a rufe.

"Ai na san nan ne," in ji Ina-Wajen. "Gwada ku na yi ɗazu, in ga masu lura."

Ya shige ciki, ya tsaya tsakiya, ya buɗe hannuwa. "Nan suka jefo mu."

"Mu?" in ji Direba. "Ɗazu ruwa kake ɗebowa ta baya."

"Daren farko tare muka yi. Wani ƙaton sajan ya kamo ƙofar nan, ya dube ni, na dube shi, ya ga ba na tsoro, sai ya yi haka!"

Ya fizgo ƙofar. Garam! Wani abu ya ce ƙaras a cikin ƙarfen.

Ya tura, ko gezau. Ya ja, ko gezau. Ya sa kafaɗa, maɓallin nan guda ɗaya ya tsinke, ya yi tsalle ya bugi bango. Aka kira budurwar nan mai kati. Ta zo ta dubi ƙofa, ta dubi allo, ta dube shi.

"Baba, makullin ɗakin nan ai kayan tarihi ne. Yana cikin gilashi a wancan ɗakin."

"To, a buɗe gilashin mana!"

"Makullin gilashin yana wurin Shugaba. Ta fita taro, sai ta dawo."

"'Yata, ki taimaka."

"Ni da ko uwata ba a yaye ba, Baba?"

Ana jira sai ga wata tawagar baƙi ta shigo, sun fi talatin. Suka ga mutum a bayan sanduna da riga mai ratsi, suka yi ca da wayoyi.

"Kai, sun iya aiki! Kamar mai rai!"

"Mai rai ne," in ji Ungozoma. "Ku matsa kusa, har magana yana yi. Kashe shi ne ba a san yadda ake yi ba."

Wata baƙuwa ta miƙa masa ayaba ta tsakanin sanduna. Da farko ya ɓata rai. Amma da ya ga yawan idon da ke kansa, sai ransa ya dawo. Ai jama'a yake nema, ga su Allah ya kawo. Ya karɓi ayabar ya sa a aljihu, ya ciro takardunsa, ya yi gyaran murya.

"Ya ku jama'a! Yau ga ku ga hannun da ya riƙe lema!"

Ya zuro hannun ta tsakanin sanduna yana jujjuya shi. Ya faɗi yadda ruwa ya sauko, yadda kowa ya watse ya bar Lauya, yadda shi kaɗai ya tsaya a cikin wannan kwat ɗin da suke gani, kulki bakwai a gadon baya bai motsa ba. Maman 'Yan Biyu ta ƙanƙame mariƙin lemar har yatsunta suka yi zafi. Kulki bakwai gaskiya ne. Ita ta san gadon bayan da suka sauka a kai, ta sha shafa masa magani duk lokacin sanyi.

Yana shafi na biyu sai ga Shugabar gidan, wata dattijuwa mai tabarau, da tsohon makulli a hannu. Ta tsaya cak.

"Malam, me ka ce? Kai ne mai lemar?"

"Ga hannun, Hajiya."

"Allah mai iko! Shekara uku muna neman ka!" Ta manta da makulli, ta juya wajen jama'a. "Hoton da kuka sani a jarida yankakke ne. Mun samo cikakkensa a wurin 'yar mai hoton, muka buga shi girman bango. Sai mako mai zuwa za a buɗe, amma tunda ga mai shi a gabanmu, me ake jira?"

Hannun nan ya koma ciki a hankali.

"Hajiya, ba sai an buɗe ba. Ni ba na son nuna kai."

"A'a, yau kam sai an nuna ka," in ji Ungozoma.

"Ƙura za ta ɓata shi. A bari sai manyan baƙi sun zo. A fara buɗe ni tukuna."

Shugaba ta ja igiya. Yadi ya zube ƙasa.

Ga Lauya, ga ruwa, ga lema. Ga hannun, ga damtsen, ga kafaɗa, ga fuska. Saurayi ne siriri, ya naɗe hannun riga, fensir a maƙale a bayan kunne, ruwa na bin fuskarsa don duk lemar ya karkata ta kan Lauya. Bai kalli mai hoto ba, hankalinsa na kan aikinsa.

Maman 'Yan Biyu ba ta san lokacin da ta isa gaban bangon ba. Hoton mijinta ɗaya gare ta a gida, na katin aiki, ya tsufa ya ɗaure fuska. Ta manta cewa ya taɓa yin wannan sumar. Ta tsaya kawai tana kallo.

Baƙi suka dubi bango, suka dubi ɗaki. "Bai yi kama da shi ba."

"Shekaru ne," in ji Ina-Wajen da 'yar murya. "Da can siriri ne ni."

"To, ina kwat ɗin?"

"Na tuɓe. Zafi ake yi."

"A cikin ruwan sama?"

Ungozoma ta matso gaban bangon. Ta bi hoton da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai duba jariri. Can sama ta hagu ta tsaya, ta ɗaga sandarta.

"Jama'a, wane ne wancan jakin dawan a kan katanga?"

Kowa ya ɗaga kai. Ga wani mutum ya haye katangar ofishin, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, baki a buɗe, ya waiwayo ido kamar za su faɗo. Ƙafar da ke lilo babu takalmi. Kwat ɗin kuwa, ratsinta ya fi komai fitowa a hoton.

Kawuna suka juyo gaba ɗaya zuwa bayan sanduna.

"Irinta da yawa a lokacin," in ji Ina-Wajen.

"Guda ɗaya tela ya ɗinka," in ji Direba. "Har ya rantse."

"Hango musu hanya nake yi! Kowane tattaki sai da mai hange!"

"Da takalmi ɗaya?"

Shugaba ta gyara tabarau. "Ɗayan yana wurinmu. Yana cikin kayan da aka tsinta a gindin katanga. In kana so a nuna maka."

Zauren ya kece da dariya, har mai gadi sai da ya dafa bango. Ina-Wajen ya zauna a kan gadon siminti. Ya manta da ayabar da ke aljihunsa, sai da ta matse ya ji sanyinta.

Da dariya ta lafa, Shugaba ta nuna ƙasan hoton, inda aka rubuta, Mai lema, ba a san sunansa ba. "To, a cikinku akwai wanda ya san wannan bawan Allah?"

"Mijina ne," in ji Maman 'Yan Biyu. "Kafinta ne. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Ga lemar."

Ta buɗe ta. Ƙarfe ɗaya a lanƙwashe, daidai inda yake a lanƙwashe a bango. Shugaba ta shafa mariƙin katakon, ta yi ta'aziyya, sannan ta tambaya ko za a bar musu ita su sa a gilashi.

Maman 'Yan Biyu ta dubi saurayin da ke bango, ta dubi lemar.

"Hajiya, sunansa zan bar muku, ku rubuta da kyau. Lemar kuwa ina amfani da ita."

Aka kawo takarda ta faɗi sunan, Shugaba ta rubuta, ta karanta mata, ta sa aka gyara baƙi ɗaya. Sai a lokacin wata murya ta fito daga bayan sanduna.

"Ni ma ai ƙanina ne. Ni na ce masa ya ɗauki lema ranar, na ga hadari."

"Yaya," ta ce, "a bar shi ya huta."

Makullin ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa mai aka yi ta murɗawa kafin ƙofa ta yarda. Ina-Wajen ya fito yana riƙe gaban kwat da hannu ɗaya. Ko ƙofar fita ba su kai ba ya fara farfaɗowa.

"Duk da haka ku shaida. Mutum biyu ne kawai aka taɓa kullewa a ɗakin nan saboda lemar nan: ni da Lauya."

"Shi wata tara," in ji Ungozoma, "kai minti arba'in, har da ayaba."

A waje ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, motar kuma tana can tsallaken titi. Maman 'Yan Biyu ta buɗe lemarta. Ina-Wajen ya raɓo gefenta, ruwa na bin ratsin kwat, yana kallonta a kaikaice. Ta dube shi. Hancinsu ɗaya da marigayi, ba ta taɓa lura ba sai yau. Ta miƙa masa mariƙin.

"Ungo, Yaya, riƙe mini. Ko sau ɗaya a ce ka riƙe ta da gaske."

Ya karɓa, ya ɗaga ta a kanta. Direba ya ciro waya.

"Ka ɗauka har fuska," ta ce, "kada nan gaba wani ya ce hannunsa ne."